Bulokcen da Wutar Rana: Me Mayahi Za Ta Amfana da Shi?

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Jihar Maraɗi, da ke shan wuta ta layin Katsina zuwa Gazawa, ta ji a jikinta. Daga nan maganar wutar rana ta ƙara ƙarfi, ga tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018, ga ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai.

Sai dai ƙauyukan Mayahi da Tasawa da ke jihar Maraɗi sun yi wa layukan kamfanin lantarki na NIGELEC nisa. Abin da ya fi dacewa da su shi ne ƙananan tashoshin sola, irin waɗanda hukumar samar da wuta a karkara ta ANPER ke tallafa wa. A nan ne tambayar amana ke tasowa. Idan asibiti da makaranta da mai injin niƙa kowa na zuba rarar wutarsa a layi ɗaya, wa zai riƙe lissafi?

Bulokcen kundi ne da ake ajiye kwafinsa a kwamfutoci da yawa, ba mai iya goge abin da aka rubuta shi kaɗai. Kamar littafin adashi ne da kowane mai zubi ke riƙe da irinsa. An gwada shi a unguwar Brooklyn ta Amurka a 2016, inda maƙwabta suka sayar wa juna wutar rufin gidajensu, kuma a Jamus manhajar Share&Charge ta yi amfani da shi wajen biyan kuɗin cajin mota. Zargin cin wuta da ake yi masa ya ragu, tunda Ethereum, ɗaya daga cikin manyan bulokcen, ta rage buƙatarta da fiye da kashi 99 cikin 100 a Satumban 2022.

A Mayahi, ɗan kabu-kabu ne zai fara cin moriya kafin mai mota. Kamfanonin Ampersand a Ruwanda da Spiro a Benin da Togo sun nuna cewa babur mai batir na tafiya da tsarin musaya: a ajiye wanda ya ƙare, a ɗauki cikakke. Batir ɗin da aka caja da tsakar rana na shanye rarar wutar da za ta tafi a banza, kundin kuma ya nuna wanda ya samar da ita da haƙƙinsa.

Duk da haka, bulokcen ba ya samar da ko wat ɗaya. Inda mai tasha ɗaya ne, biya ta waya ya wadatar. Amfaninsa na bayyana ne idan masu samarwa sun yi yawa, mitoci na aiki, intanet ba ya yankewa. Saboda haka aikin farko na hukumar daidaita harkar makamashi ta ARSE ne: ta fitar da ƙa'idar da za ta ba maƙwabci damar sayar wa maƙwabcinsa wuta, ta kuma tsayar da farashi.