BABI NA UKU: SHEKARAR IBADA TA IKILISIYA DA SHEKARAR MANOMI A GABASHIN KANO

3.1 Yadda Kalandar Ta Iso Karkara

Yankin Gaya da Ajingi yanki ne na Musulmi kusan gaba ɗayansa, Kiristocin da ke cikinsa kuwa tsirarru ne. Saboda haka ba za a fahimci ibadarsu ba sai an haɗa ta da tarihin Ikilisiya a ƙasar Kano baki ɗaya. A shekarar 1900 ne Bishop Tugwell da Dokta Miller suka iso Kano, amma Sarki Alu bai ba su izinin zama ba. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, gwamnatinsu ta taƙaita aikin mishan a Sabon Gari, inda baƙi 'yan Kudu suka gina majami'unsu. Ƙofar karkara ba ta buɗe ba sai cikin shekarun 1930, lokacin da ƙungiyar SIM ta karɓi aikin jiyyar kutare a Yadakunya. Kafin wannan kaɗan, a 1932, aka buga Littafi Mai Tsarki cikin Hausa.

Ita kuwa ɗarikar Katolika ta daɗe tana hidimar 'yan Kudu kafin ta mai da hankali ga Maguzawa. Abubuwa biyu suka taimaka. Na farko, babban taron Batikan na Biyu (1962 zuwa 1965) ya yarda a yi ibada da harshen jama'a maimakon Latin. Na biyu, rikicin 1966 da yaƙin basasa sun sa 'yan Kudu da yawa sun bar Arewa. A 1991 aka cire Kano daga ƙarƙashin Kaduna, a 1999 kuma ta zama cikakkiyar dayosis mai kula da jihohin Kano da Jigawa, da Bishop Patrick Sheehan a matsayin shugabanta na farko. Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008. Gaya da Ajingi suna cikin iyakar wannan dayosis.

3.2 Daga Kaka Zuwa Bazara

Kalandar ibada ba a ƙasar Hausa aka tsara ta ba. A ƙasashen da ke kewayen Bahar Rum da Turai ta ginu, inda Kirsimeti ke zuwa cikin tsananin sanyi, Ista kuma lokacin da itatuwa ke tohuwa. Da ta iso ƙasar Kano sai ta faɗo a kan wata shekara dabam, wato shekarar manomi: damina, kaka, hunturu da bazara. Ranakun ba su canza ba, amma nauyin kowane lokaci ya canza, domin rumbu da hanya su ne ke hukunta yadda mutanen ƙauye za su taru.

Shekarar Ikilisiya tana farawa da Lahadi huɗu na jiran haihuwar Almasihu, daga ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba. Littattafan ibada sun ɗauki wannan lokaci na natsuwa da tuba, shi ya sa Fada ke sa tufa mai launin shunayya. A karkara kuwa lokacin yalwa ne. An yanke gero tun tuni, dawa ta shiga rumbu, an sayar da gyaɗa da wake, kuɗi ya shigo hannu. Don haka Kirsimeti ya zama babban bikin shekara ba tare da wata wahala ba. A lokacin ne ake ɗinka sabbin kaya, a yi yanka, a aika wa maƙwabta Musulmi abinci kamar yadda su ma suke aikowa da Salla. Ya kamata a lura cewa wannan shi ne lokacin da Bamaguje ya saba da shagulgulansa tun kafin zuwan mishan, irin su kalankuwa da bukukuwan aure. Wato sabon addini bai ƙirƙiro lokacin murna ba, tarar da shi ya yi, ya ba shi sabon suna.

Lokacin Azumi ya sha bamban. Yana farawa ranar Larabar Toka, inda ake shafa wa masu ibada tokar ganyen dabinon bara a goshi, ya ɗauki kwana 40 ban da ranakun Lahadi. Tun da Ista ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, ƙarshen azumin yana faɗawa ne cikin zafin bazara, rijiyoyi sun ja baya, samari da yawa sun tafi ci-rani. Waɗanda suka rage a gida, galibi mata da tsofaffi da yara, su ne ke bin Hanyar Giciye ranar Juma'a. A nan ne ƙungiyar Zumuntar Mata ta sami muhimmancinta, domin su ne ke riƙe waƙa da kiɗan tulu da sharar majami'a a watannin da maza ba sa nan.

Akwai kuma matsalar kalmar azumi kanta. Bahaushe ya san azumi da kamun baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Dokar Katolika kuwa rage ci ta wajabta a Larabar Toka da Juma'ar da aka giciye Almasihu, tare da barin nama a ranakun Juma'a. Ga talakan da nama ba abincinsa ne na kullum ba, barin nama ba wata sadaukarwa ba ce. Bambancin yakan fito fili a shekarun da watan Ramalan ya haɗu da wannan lokaci, kamar 1992 da 2025, inda azumin biyu suka fara a farkon Maris, maƙwabci yana ganin na maƙwabcinsa.

3.3 Damina Da Aikin Katikis

Bayan Fentikos, kwana 50 daga Ista, sai a shiga dogon lokacin da Fada ke sa koren tufa, wanda ya yi daidai da damina. Shi ne ya fi kowane gwada ƙarfin Ikilisiya. Farish ɗin karkara ba majami'a ɗaya ba ce, hedkwata ce da ƙananan rassa a warwatse cikin ƙauyuka, Fada ɗaya ko biyu ke zagaya su. Idan ruwa ya sauka, hanyar burji ta lalace, rafi ya cika, reshe yana iya yin makonni bai ga Fada ba. To, a nan katikis ne ke buɗe ɗakin sujada ranar Lahadi, ya karanta karatun ranar, ya yi wa'azi, ya koyar da masu shirin baftisma, idan an yi rasuwa ya jagoranci jana'iza. Abin da ba shi da ikon yi shi ne keɓe gurasa da ruwan inabi. Shi ma manomi ne, ranar Litinin yana gonarsa kamar kowa. Tarihin da ya tsaya kan jerin sunayen bishop-bishop da Fadoji ya bar mutumin da ya fi kowa ɗaukar nauyin ibadar ƙauye.

Damina ta taɓa kalandar kanta. A ƙasashen Turai ana yin jerin gwanon Jikin Almasihu a watan Mayu ko Yuni. A Nijeriya, saboda ruwan sama, an mayar da wannan zagaye zuwa idin Kristi Sarki, wanda Fafaroma Pius na 11 ya kafa a 1925, wanda kuma tun gyaran kalanda na 1969 yake zuwa a Lahadin ƙarshe ta shekarar ibada, cikin Nuwamba. A lokacin hanya ta bushe, mutanen rassa suna iya isa hedkwata. A cikin waɗannan makonni ne kuma ake yin godiyar kaka, inda kowane gida ke kawo abin da ya samu: damin dawa, kwanon wake, kaza ko akuya. Ana yin gwanjonsu bayan sujada, kuɗin ya tafi ga gyaran rufi da ɗan ihsanin katikis. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ana ganin haka a yawan dammunan da aka jera a gaban bagade.