Daga Alli zuwa Alƙalami: Malaman Makaranta Biyu da Gasa Ta Fito da Su

Duk wanda ya bi tarihin marubutan da suka ci kyaututtuka zai tarar cewa da yawansu da alli suka fara. Zan kawo misalai biyu, ɗaya daga Arewacin Turai, ɗaya daga ƙasar Hausa, domin rayuwarsu ta yi kama ta yadda ta ba ni mamaki.

An haifi Selma Lagerlof a ƙasar Suwidin a 1858. Bashi ya ci gidan gonar iyayenta, wanda ake kira Marbaka, har aka sayar da shi. Ta kama koyarwa a makarantar 'yan mata a garin Landskrona, tana rubutu in ta tashi daga aiki. A 1890 wata mujalla mai suna Idun ta sa gasa, ta aika da wasu babuka na littafinta na farko, ta yi nasara. Daga baya ƙungiyar malaman ƙasar ta nemi ta rubuta wa yara littafin sanin ƙasa, sai ta ƙago labarin yaro Nils wanda ya zaga Suwidin a bayan tsuntsu. A 1909 ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Nobel ta adabi, ta kuma fanshi Marbaka, inda ta rasu a 1940.

Shi kuwa Abubakar Imam an haife shi a Kagara a 1911. Yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933. Ruwan Bagaja na cikin littattafan da aka zaɓa, tare da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma malami ne a Bauci. Bayan haka aka kira Imam Zariya domin ya rubuta wa ɗalibai littafin karatu, abin da ya haifar da Magana Jari Ce. A 1939 ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a 1981.

Abin da na fahimta shi ne, ranar karɓar kyauta ba ita ce ta tsayar da su da ƙafafunsu ba. Abin da ya biyo baya ne: an buga musu littafi, an ba su sabon aiki, an kai rubutunsu hannun yara. Da gasar ta ƙare a tafi da takardar yabo, da watakila sun koma aji ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Wannan darasi ya shafe mu a masarautar Gumel. Daga Gumel zuwa Gagarawa, daga Sule Tankarkar zuwa Maigatari, babu gundumar da ba ta da malaman makaranta, labari kuwa ba mu rasa shi ba. Kasuwar dabbobi ta Maigatari kaɗai, inda fataken Nijar da Nijeriya ke haɗuwa kowace Alhamis, ta isa a cika littafi. Ina kira ga masarauta da hukumomin ilimi na ƙananan hukumominmu huɗu su sa wa malamai gasa, su buga abin da ya yi fice, sannan su shigar da shi aji, domin ɗan Lautai ya karanta labarin garinsu daga alƙalamin malaminsa.