Daga Tudun Rairayi Zuwa Hanyar Keke

Mai hawan keke a gaɓar Landes, kudu maso yammacin Faransa, yakan wuni yana tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inuwar itatuwan pin bisa kansa, Tekun Atilantika a gefensa. Hanyar wani yanki ce na Vélodyssée, wadda aka buɗe a 2012, mai tsawon fiye da kilomita 1,200 daga Roscoff zuwa Hendaye.

Mafi yawan dajin nan dashe ne. A ƙarni na 18 iskar teku tana tura tuddan rairayi suna binne gonaki da gidaje; can cikin ƙasa kuwa fadamu ne, inda makiyaya ke kiwon tumaki bisa dogayen ƙafafun katako. Wajen 1787 injiniya Nicolas Brémontier ya soma ɗaure rairayin da shinge da shukar iri. Dokar 1857, zamanin Napoleon na Uku, ta wajabta wa garuruwa janye ruwan fadamun da dasa itace. Yau dajin ya kusa hekta miliyan ɗaya.

A ƙasar Gure, wadda Gamu ke cikinta, an san wannan masifa. Rairayi na cinye kwaruruwan dabino da kanwa, manoma suna tare shi da shingen kalimbo da kaba. Ruwan samanmu bai kai nasu ba, pin ba zai kama a nan ba. Abin lura shi ne shekara 70 da ke tsakanin shingen farko da dokar da ta sa aikin ya game ƙasa. Ɗalibin da ya dasa itace bana ya kamata malaminsa ya gaya masa wannan lissafi, don kada fari ɗaya ya karya masa gwiwa.