Lahadin Bogota: Yadda Keke Ya Karɓe Titi Daga Hannun Mota

Duk ranar Lahadi da ƙarfe bakwai na safe, ma'aikata kan gitta shinge a manyan titunan Bogota, babban birnin Kolombiya, kuma mota ba ta sake bi ta nan sai ƙarfe biyu na rana. Tsawon titunan da ake rufewa ya haura kilomita 120. Mutum sama da miliyan ɗaya ke fitowa: mai keke, mai takalmin taya, tsohuwa da jikarta, magidanci yana tura keken jariri. A bakin hanya ga masu matse lemon zaƙi, ga masu gasa masara, ga masu faci sun baza famfo da sifana suna jiran wanda tayarsa za ta sace. Mutanen garin suna kiran abin Ciclovía, kuma a Disambar 2024 ya cika shekara 50.

Da zanga-zanga aka fara. Jaime Ortiz Mariño matashi ne da ya karanto zanen gine-gine a birnin Cleveland na Amurka, ya dawo gida ransa a jagule. A can ya ga masu hali sun tattara sun koma bayan gari, an rushe unguwanni an shimfiɗa manyan hanyoyi domin su riƙa shigowa aiki da mota, tsakiyar birni kuwa ta zama kufai. Bogota a lokacin tana kumbura da mutanen karkara waɗanda rikicin siyasa da talauci suka koro, masu tsara birnin kuma sun kama hanyar kwaikwayon Amurka. Ortiz da abokansa suka kafa ƙungiya mai suna Pro Cicla, suka samo izinin hukuma, ranar 15 ga Disamba 1974 aka rufe tituna biyu, Carrera 7 da Carrera 13, na tsawon sa'o'i uku. Kimanin mutum 5,000 suka fito a kan kekuna.

Ba a banza suka zaɓi keke ba. Tun 1951 ake tseren kewaya ƙasar, wanda ake kira Vuelta a Colombia, mutane na kasa kunne a rediyo suna bin 'ya'yan manoma da ke haura duwatsu. A 1970 Martín Emilio Rodríguez, wanda aka fi sani da Cochise, ya kafa tarihin duniya na gudun sa'a ɗaya a ajin waɗanda ba ƙwararru ba. Keke abin hawan masinja ne da lebura, amma kuma shi ne abin alfaharin ƙasa. Ba wani magajin gari da zai so a ce shi ne ya kori masu keke.

A watan Yunin 1976 magajin gari Luis Prieto Ocampo ya sa hannu a kan dokoki biyu da suka mayar da abin na hukuma. Augusto Ramírez Ocampo ya faɗaɗa shi bayan ya hau kujera a 1982. Daga nan sai aka yi masa riƙon sakainar kashi. Ofishin kula da zirga-zirgar motoci ne ke riƙe da shi, alhali aikin wannan ofishi shi ne ya ga mota ta wuce, don haka rufe titi a wurinsu wahala ce kawai. Zuwa farkon shekarun 1990 hanyoyin sun ragu, sun zama guntu-guntu marasa haɗuwa da juna, akasarinsu a unguwannin masu kuɗi. Garin ma ba ya cikin hayyacinsa: zamanin bama-baman masu safarar hodar iblis ne, kuma a 1993 kisan kai a Bogota ya kai kusan mutum 80 cikin kowane 100,000.

A 1995 al'amarin ya juya. Antanas Mockus, malamin lissafi da falsafa wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Ƙasa, ya zama magajin gari. Mutum ne mai abin mamaki, shi ne ya zuba 'yan wasan kwaikwayo na bebaye a mararrabar tituna suna yi wa direbobi masu karya doka shaƙiyanci, bisa hujjar cewa ɗan Bogota ya fi tsoron kunya a kan tara. A zamaninsa aka ɗauke Ciclovía daga ofishin motoci aka miƙa wa hukumar wasanni da shaƙatawa ta birnin, ƙarƙashin Guillermo Peñalosa. Sauyin ofis ne kurum a takarda, amma shi ya ceci abin, domin yanzu ya koma hannun waɗanda ake auna aikinsu da yawan jama'ar da suka fito.

Peñalosa ya haɗe guntayen hanyoyin suka zama zare ɗaya, daga arewa har kudu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da aka raba unguwanninsa aji shida, daga na 1 zuwa na 6, domin lissafin kuɗin wuta da ruwa, har lambar ta zama abin da ake auna mutum da shi. Masu hali suna arewa, talakawa sun fi yawa a kudu. Da aka haɗe titunan, yaron kudu ya samu damar tuƙa kekensa har ƙofar gidajen da uwarsa ke yi wa wanke-wanke, ba mai gadin da zai tambaye shi wa yake nema. Aka kakkafa dandamali a filaye ana koyar da motsa jiki da rawa kyauta. Aka ɗauki matasa masu kayan sarki suna sintiri a kan keke da akwatin agajin gaggawa, ɗaliban sakandare kuma suna tsare mararraba a matsayin hidimar al'umma da ake buƙata kafin su kammala makaranta. 'Yan talla ma ba a kore su ba, an ba su wurare.

Wanda ya san safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata a Kano, lokacin tsaftar muhalli, ya san yadda yara ke mayar da kwalta filin ƙwallo da zarar mota ta ɗauke ƙafa. Bambancin shi ne a can ana so mutum ya tsaya gida ya yi shara, a Bogota kuwa an rufe titin ne domin a fito.

Ƙarin zancen ya zo ta hannun ɗan'uwan Guillermo, wato Enrique Peñalosa, wanda ya zama magajin gari a 1998. Ya gina hanyoyin keke na dindindin, sannan a Fabrairun 2000 ya hana motocin gida fita a ranar aiki guda. A Oktoban shekarar jama'a suka kaɗa ƙuri'a suka amince a riƙa yin haka kowace shekara. Ba kowa ya ji daɗi ba. A 2007 wani ɗan majalisar ƙasa, José Fernando Castro Caicedo, ya kawo ƙudurin a mayar da Ciclovía daga biyar na asuba zuwa sha biyun rana, wai tana haddasa cunkoso. Jama'a suka yi ca, ƙudurin bai kai labari ba. Masu bincike na Jami'ar Los Andes kuma sun lissafa a 2012 cewa duk dala ɗaya da aka kashe a shirin tana rage dala uku zuwa huɗu na kuɗin asibiti.

Kada dai a zuzuta. Ranar Litinin Bogota na komawa cikin biranen da suka fi cunkoson motoci a duniya, satar keke kuma ta zama ruwan dare. Sa'o'i bakwai a mako ba su gyara sufurin mutum miliyan takwas ba. Abin da suka yi shi ne sabo: da yake ana yi har a ranakun hutu, kusan kwana 70 ke nan a shekara, kuma wanda aka goyo zuwa Ciclovía a 1980 yau shi ke koya wa jikansa keke a titi ɗaya. Da korona ta zo a Maris 2020, magajiyar gari Claudia López ta ɗauko shingayen Lahadi ta buɗe wa masu keke hanyoyin wucin gadi masu tsawon kilomita 76 cikin 'yan kwanaki, domin rage cinkoso a motocin haya.

Wasu birane sun ɗauka: Kito a 2003, Birnin Meziko a 2007, Los Anjalas a 2010, Kef Tawun a 2013, Adis Ababa a 2018. Kigali ta fara nata a 2016, yanzu sau biyu a wata ake yi, da safiyar Lahadi, kuma sun ƙara da abin da ya dace da su: ma'aikatan lafiya kan kafa rumfuna a wurin taron suna gwada hawan jini da ciwon suga kyauta.