Yadda Norway ke kare yara daga karayar zuciya

A ƙasar Norway ba a bai wa ɗalibi maki sai ya kai aji takwas. Kafin nan, malamai kan yi wa yaro da iyayensa bayanin ci gabansa ne.

Haka kuma ƙa'idojin wasannin yara na ƙasar, waɗanda suka samo asali a 1987, sun hana jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe kafin shekara 11.

Manufar ita ce kada gwiwar yaro ta yi sanyi tun yana ƙarami.

Masu suka na cewa gasa ce ke zaburar da yara, to amma Norway ta lashe lambobin zinare 16 a gasar Olympics ta hunturu a 2022, fiye da kowace ƙasa.