Tarihin Faɗaɗa Zangon Rediyo da Matsayinsa a Doka, Daga Amurka Zuwa Tamale

Sikana na'urar rediyo ce da ke bin zanguna ɗaya bayan ɗaya da kanta, ta tsaya inda ta ji murya, ta wuce idan aka yi shiru. Ba ta aika saƙo, saurare kawai take yi. Ta bazu a Amurka tun ƙarshen shekarun 1960, lokacin da samfurin Bearcat ya shiga kasuwa, mutane suka riƙa jin hirar 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da matuƙa jirgin sama daga ɗakunansu.

Rigima ta taso ne da zuwan wayar salula ta farko. Muryar mai magana tana tafiya a iska ba tare da kulle ba, a tsakanin megahaz 824 zuwa 849 da kuma 869 zuwa 894, duk mai sikana yana iya jin ta tas. A 1986 majalisar dokokin Amurka ta haramta sauraron waɗannan kiraye-kiraye. Kamfanoni suka toshe wannan yanki, sai dai toshewar ta sama-sama ce: a samfurin PRO-2004 na kamfanin Radio Shack, ɗan ƙaramin dayod guda ake cirewa, zangon ya buɗe. Har littattafai aka wallafa a kan wannan dabara, irin na Bill Cheek. Ganin haka aka sake doka a 1992, kuma daga Afrilun 1994 aka hana ƙera ko shigo da duk sikanar da ke kama wayar salula ko wadda za a iya sauya ta cikin sauƙi. Hakan bai hana wasu ma'aurata a jihar Fulorida naɗar hirar kakakin majalisa Newt Gingrich a Disambar 1996 ba, aka kuma ci su tara. Ingila ta fi tsanani, domin a can sauraron saƙon da ba na jama'a ba laifi ne ko da na'urar halal ce.

Fasaha ce ta kashe wannan sana'a fiye da kotu. Da tsarin GSM ya zo, ya mayar da murya lambobi ya kulle ta, mai sikana ba ya jin komai sai shuu. A Ghana ma haka aka yi: Mobitel ta fara da tsohon tsari a 1992, Spacefon ta kawo GSM a 1996, ƙofar ta rufe tun kafin wayar hannu ta zama ruwan dare a arewacin ƙasar.

Shi ya sa tarihin dokar iska a Ghana ya fi karkata ga mai magana fiye da mai saurare. Tun da gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar ZOY a Accra ranar 31 ga Yulin 1935, gwamnati ce kaɗai ke da baki a rediyo na kusan shekara sittin. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ba da 'yancin kafa kafofin watsa labarai, amma hukuma ta ƙi sakin zanguna. A ƙarshen 1994 Dakta Charles Wereko-Brobby ya kunna Radio Eye ba da izini ba, jami'an tsaro suka kwashe kayansa cikin 'yan makonni. Wannan ƙarfin hali ne ya ɓalle ƙofar: Joy FM ta fara a 1995, aka kafa hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, a 1996, sannan dokar sadarwa mai lamba 775 ta biyo baya a 2008. A 2017 hukumar ta hukunta tashoshi 131 a kan batun lasisi. Tana da ofis a Tamale, garin Radio Savannah da Diamond FM da Radio Justice.

Faɗaɗa zangon da direba a Tamale zai ci karo da shi kuwa na mota ne. Tsofaffin rediyoyin motocin da aka ƙera domin kasuwar Japan suna kama megahaz 76 zuwa 90 ne kawai, alhali FM a Ghana tana kaiwa 108. Mai irin wannan mota ba zai ji Diamond a 93.7 ba, balle Justice a 98.5. Maganin shi ne ɗan akwati da mai gyaran waya ke haɗawa tsakanin eriya da rediyon, wanda ke sauko da kowace tasha da wani adadi. Idan na goma ne, 98.5 sai ta fito a 88.5. Wani lokaci tashoshi biyu sukan hau kan juna, amma aikin yana biyan buƙata, kuma shirye-shiryen da ake kamawa na kowa da kowa ne.

Inda ake buƙatar hattara shi ne abin da ke sama da 108. Daga 118 zuwa 137 zangon jiragen sama ne, kuma filin jirgin Tamale yana jigilar alhazai kai tsaye zuwa Saudiyya tun 2016. Ƙaramin kuskure daga oba-oba da aka buɗe wa zango, ko tashar FM mara tsaftataccen injin watsawa, yana iya shiga tsakanin matuƙi da hasumiya, rayuka kuma na cikin jirgin. Sashe na 18 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin saƙonnin mutane, dokar 2008 kuma ta wajabta izinin NCA kafin a watsa saƙo a kowane zango. Duk mai gyaran da aka kawo wa oba-oba a ce ya buɗe ta, ya fara neman ganin takardar izinin mai ita.