Karatu da Rubutu a Rumbun Zane: Nazarin Tashi da Faɗuwar pread da pwrite a Direban i915 na Linux

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hanyoyin da manhaja ke bi ta karanta ko ta rubuta bayanai a rumbun zane, wato yankin memori da firosesa da na'urar zane suke tarayya a kansa. An ɗauki direban i915 na Linux a matsayin abin nazari, daga shigowar tsarin GEM a 2008 zuwa zuwan direban Xe a 2024, ta hanyar bin rubutun direban da bayanan da ke tare da shi. An gano cewa wahalar aikin tana wajen sanin wanda ke riƙe da sahihin kwafin bayanan a kowane lokaci, kuma wannan ne ya sa aka janye kiran pread da pwrite daga sababbin na'urori.

1.0 Gabatarwa

Hoton allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, in kowane ɗigo ya ci bayit 4, girmansa bayit 8,294,400 ne. Wannan daidai yake da shafi 2,025 masu bayit 4,096 kowanne. In ana sabunta shi sau 60 a daƙiƙa, kusan megabayit 498 ke nan ake motsawa. Duk wani jinkiri da direba ya ƙara a kan kowane shafi, to sai ya ninku har mai kallon allo ya gani da idonsa.

A Linux, sashen kanel da ke kula da na'urorin zane shi ne DRM. Tsarin GEM na kula da rumbun zane, wanda Keith Packard da Eric Anholt na kamfanin Intel suka tsara, ya shiga kanel 2.6.28 a watan Disamba na 2008. Takwaransa TTM, wanda ya samo asali daga kamfanin Tungsten Graphics, ya biyo baya a kanel 2.6.31 a 2009 tare da direban radeon. A GEM, manhaja ba ta riƙe adireshin rumbu. Lamba ake ba ta, ita ce shaidarta, kanel kuwa yana da ikon matsar da shafukan rumbun duk inda ya ga dama. Daga nan tambayar wannan bincike ta taso: manhajar da lamba kawai take riƙe da ita, yaya za ta taɓa abin da ke cikin rumbun?

2.0 Tushen Matsalar

Firosesa ba ya zuwa babban memori a kowane karatu. Yana da ma'ajiyar kusa, inda yake ajiye bayanai layi-layi, kowane layi bayit 64. In ya yi rubutu, sabon bayanin yakan zauna a nan har wani lokaci kafin ya sauka. Na'urar zanen da ba ta leƙa wannan ma'ajiya za ta ɗauko tsohon bayani daga memori ta zana shi. Haka nan in ita ce ta yi rubutu, firosesa zai iya ci gaba da karanta tsohon layin da ke hannunsa. Kamar 'yan kasuwa biyu ne masu shago ɗaya, kowa da littafin lissafinsa: muddin ba su zauna sun daidaita ba, kowa zai rantse nasa ne daidai.

Sai batun lokaci. Na'urar zane tana aiki ne a bayan fage, manhaja ta miƙa mata umarni ta wuce. Saboda haka kafin a karanta rumbu dole a jira ta gama rubutu a cikinsa, kafin a yi rubutu kuma dole a jira ta gama karatu da rubutu duka. Kanel yana bin sawun wannan da alamomin kammala aiki da ake kira dma_fence.

Na uku shi ne tsarin shimfiɗa. Na'urorin Intel sukan jera ɗigogi tayil-tayil don makwabta su kasance kusa da juna a memori. Tayil nau'in X faɗinsa bayit 512 ne da layi 8, nau'in Y kuwa bayit 128 da layi 32, kowanne bayit 4,096 cif.

3.0 Hanyar Kwafi: pread da pwrite

Amsar farko da GEM ya bayar ita ce kanel ya yi kwafin da kansa. Manhaja ta kawo lambar rumbu, da wurin farawa, da tsawo, da adireshin da ke nata memorin. A pread, wato kiran karatu, direba ya tabbatar ba a ƙetare iyakar rumbu ba, ya jira na'urar zane, ya kafe shafukan don kada a ɗauke su, ya kori tsofaffin layuka daga ma'ajiyar kusa da umarnin clflush in akwai buƙata, sannan ya kwafa shafi bayan shafi.

A pwrite, kiran rubutu, a nan ne sarƙaƙiyar take. In rubutun bai cika layin bayit 64 ba, sauran bayit ɗin layin na iya zama tsofaffi a ma'ajiyar firosesa, kuma in layin ya sauka zai shafe aikin da na'urar zane ta yi a gefensa. Don haka sai an kori layin kafin rubutu, a sake korarsa bayan rubutu. A rumbun da muka lissafa a sama akwai layi 129,600. A kan na'urorin da wannan kora take da tsada, direba yakan kauce mata ya bi ta tagar GTT, wadda ke kai rubutu memori ba tare da ya kwana a ma'ajiya ba.

Akwai wani tarko da ya fi wannan hatsari. Shekaru da dama direban ya dogara da babban makulli guda, struct_mutex. Adireshin da manhaja ta kawo zai iya kasancewa shafin da ba ya nan tukuna, sai firosesa ya yi tuntuɓe, a kira mai kula da tuntuɓen ya kawo shafin. To idan shafin nan na wani rumbun zane ne, ko ma na rumbun da ake rubutawa a ciki, mai kula da tuntuɓen zai nemi makullin da direba ke riƙe da shi, sai a yi cirko-cirko, babu mai sakar wa wani. Maganin da aka yi shi ne hanya biyu: ta sauri, wadda ke kwafi tare da hana tuntuɓe, da ta a hankali, wadda ke sakin makulli in ta farko ta gaza. Kowace hanya kuwa tana da nata kurakuran da sai an gwada an gano.

Duk da haka, adalci ne a ce kiran nan biyu sun yi ranarsu. A wasu tsofaffin kwamfutoci, mai sarrafa memori yana jujjuya bit na 6 na adireshi gwargwadon wasu bit, har da na 17 na ainihin adireshin shafi a memori. Manhaja ba ta da hanyar sanin wannan adireshi, kanel kaɗai ya san shi. Har ma in aka fitar da shafi zuwa faifai aka dawo da shi wani wuri, sai direba ya sake jujjuya abin da ke cikinsa. A irin wannan yanayi, barin kwafi a hannun kanel shi ne daidai.

4.0 Hanyar Taga: mmap

Hanya ta biyu ita ce a buɗe wa manhaja taga, rumbun ya bayyana cikin adireshinta ta taɓa shi kai tsaye. Manyan tagogin uku ne. Ta farko tana bi ta ma'ajiyar kusa, karatu da rubutu duka suna sauri, amma sai manhaja ta sanar da direba da kiran set_domain kafin ta taɓa. Ta biyu ita ce mai tara rubutu: firosesa ya haɗa ƙananan rubuce-rubuce ya tura su dunƙule. Ta uku ta GTT ce, inda wasu rajistoci ƙalilan ke warware tayil, manhaja ta ga rumbun a miƙe.

Taga mai tara rutubu ta dace da mai zuba bayani a jere, amma karatu ta cikinta azaba ce, domin kowane karatu sai ya je memori ya dawo. Mai rubuta manhaja kan faɗa wannan rami ba da saninsa ba, misali in ya karanta ɗigo don ya gauraya shi da sabon launi. Umarnin MOVNTDQA na SSE4.1 yana rage zafin abin, shi ya sa i915 ke da aikin kwafi na musamman da aka gina a kansa. Direbobi masu sauƙi kuwa sukan ajiye kwafi na biyu a memori na yau da kullum, a yi zane a can, sannan a tura wuraren da suka canza kaɗai.

5.0 Abin da Ya Sauya

Daga Sandy Bridge a 2011, shekaru da dama manyan firosesocin Intel sun riƙa raba ma'ajiyar mataki na ƙarshe da na'urar zanen da ke jikinsu, sai yawancin korar layuka ta zama ba dole ba. Dangin Atom irin su Bay Trail ba su samu wannan gata ba. Tsarin dma-buf ya shiga kanel 3.3 a 2012, rumbu ya zama abin da kyamara da na'urar zane da allo ke miƙa wa juna, kuma a kanel 4.6 aka ƙara kiran da manhaja ke sanar da farkon taɓawarta da ƙarshenta. Sai tsarin zane na Vulkan ya fito a Fabrairun 2016 da wata aƙida dabam: manhaja ce ke zaɓar nau'in memori tun wajen nema, ita ce ke buɗe taga, ita ce kuma ke da alhakin jira da kora. Babu gurbin pread ko pwrite a wannan tsari.

Katunan zane masu nasu memori suka ƙarasa lamarin. Firosesa yana ganin wannan memori ne ta PCIe, kuma a al'ada megabayit 256 kaɗai yake gani, sai fa in an kunna Resizable BAR. Rumbun da ke wajen wannan yanki sai an matsar da shi kafin a taɓa, aikin da TTM ya ƙware a kai, shi ya sa i915 ya rungumi TTM don waɗannan katuna. A 2021 aka rufe pread da pwrite ga dukkan na'urorin zane na ƙarni na 12 zuwa sama in ban da Tiger Lake, wanda ya riga ya shiga hannun jama'a, kuma ƙa'idar Linux ta hana karya manhajar da ke aiki. Direban Xe, da ya shiga kanel 6.8 a Maris na 2024, bai zo da su ba sam. A cikinsa, tun ranar da aka ƙirƙiri rumbu ake yanke ko tagarsa ta ma'ajiya ce ko mai tara rubutu, kuma ba a sauyawa.

6.0 Tattaunawa

A ganin wannan bincike, matakin janye pread da pwrite ya dace. Kanel bai san niyyar manhaja ba, don haka a kowane pwrite sai ya ɗauki matakin kariya mafi tsauri, ya jira abin da watakila ba sai an jira ba. Manhajar da ta san cewa rabin rumbun da take rubutawa ba ya cikin aikin na'urar zane, ba ta da dalilin tsayawa. Sannan duk layin rubutun da aka cire daga kanel, an rage wurin da kuskure zai iya kayar da kwamfuta gaba ɗaya.

Amma nauyin bai ɓace ba, ya koma kan Mesa, wato direbobin zane da ke wajen kanel, da masu rubuta manhaja, kuma kuskuren daidaito a can ba ya ihu. Yakan fito ne a matsayin ɗan datti a allo, a wata na'ura ban da wata. Manhajar da aka gwada a kwamfuta mai ma'ajiyar tarayya kaɗai za ta iya yin lafiya lau alhali ta manta da kora. Saboda haka wannan maƙala tana kira ga masu rubuta direba da manhajar zane da su gwada aikinsu a kan na'ura marar ma'ajiyar tarayya da kuma kati mai ƙaramar tagar megabayit 256 kafin su sake shi, kuma duk rumbun da za a riƙa karantawa, a nema masa memori mai bi ta ma'ajiyar kusa tun wajen ƙirƙira.